Rigar Fatar da Ta Tafi Danniyya

Lakemba, Sidni
Tsakiyar Zulƙida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga yayata Nuhad, Ummu Ziyad. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina fata kina lafiya, ke da Abu Ziyad da yara da jikoki. Yaya gwiwar? Kada ki daina shafa mata man zaitun da ɗumi. Ni lafiya lau, sai hawan jinin nan, shi ma yana jin magani, alhamdu lillahi. Nan zafi ya fara, ku kuwa a can Danniyya na san kun shiga tara itacen hunturu.

Hajiya Ummu Riyad ce za ta kawo miki wannan takarda tare da akwatin kayan sanyi da matan unguwa suka tara. Ki raba yadda kika saba. Za ki yi mamakin ganin na koma rubutu alhali ga waya. Ɗana Talal ne ya ce 'yan sanda suna sauraron wayar gidanmu. Ban san gaskiyar abin ba, amma tun da ya faɗa na kasa sakin jiki. Ina jin nauyin a ce wani namiji baƙo yana zaune da abu a kunne, yana jina ina tambayarki yawan gishirin da kike sa wa zaitun.

Kin tuna na ce miki Talal ya shiga ƙungiyar masu manyan babura? Na ɗauka irin ta motsa jiki ce. To, makon jiya 'yan sanda suka kai samame gidan da suke taruwa, suka fito da ƙwaya da hodar iblis daga cikin tayoyi. Sun ɓalle ƙofar maƙwabtanmu da asuba, suka tafi da ɗansu Mazin ko takalmi babu. Yanzu duk wanda suka gani da rigar ƙungiyar sai sun tare shi. Talal ya rantse da kabarin babansa bai taɓa sayar da komai ba. Na ce ba a rantsuwa da wanin Allah, ya sake rantsewa yadda ya kamata. Ya samu aikin shimfiɗa tayil a wani gari can arewa, ya tafi har ƙura ta lafa.

Bayan tafiyarsa ina neman naman rago a firiza sai na ci karo da rigar, a naɗe cikin leda a ƙarƙashin naman. Falmaran ce ta baƙar fata, a bayanta an ɗinka wata ƙatuwar ungulu da hular kwano a kai. Na je na tambayi Shehun masallacinmu ko sata ce uwa ta ɗauke wa ɗanta wani abu mai cutarwa. Ya ce ba sata ba ce. Da na dawo gida sai na ga kamar na ɓoye masa rabin tambayar, na koma na ce masa abin riga ce. Ya ce, “Ummu Talal, je ki gida.”

Na sa ta cikin rigar matashin kai a ƙasan akwatin. Buƙatata dai ta yi nesa da shi. Ki yi da ita abin da kika ga alheri ne.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanwarki, Insaf

Danniyya
Bayan Sallar Layya

Insaf, wa alaikumus salam.

Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ta ƙi tafiya ta kuma hana ni tafiya. Ƙanƙara ta sauka a kan dutse. Mun yi layya, na ci rabonki.

Kaya sun iso, na raba, an yi muku addu'a. Ke kuma har yanzu tsoron inuwarki kike ji. Yaro ya hau babur da abokansa, shi ne za ki hana kanki barci? In 'yan sandanku ba su da aikin yi sai sauraron hirar gishiri, ki ba su lambata, ni zan cika musu kunne.

Riga kuwa, Allah ya saka. Ina zazzage ta daga rigar matashin Abu Ziyad ya miƙo hannu. Ya shinshina, ya murza, ya ce, “Wannan fatar gaske ce, Nuhad, ba irin robar kasuwar Tarabulus ba.” Na ce ta mabuƙata ce. Ya ce, “Wa ya fi tsoho mai ciwon baya buƙata?” Tun ranar bai cire ta ba. Da ita yake hawa ɗan babur ɗinsa zuwa gonar tuffa, yana tafiya kamar jakanya mai ciki, yara suna binsa da gudu suna wuce shi. A gidan shayi an yanke hukunci cewa Talal ya zama babban mutum a wani kamfani, tunda har da tambari. Mata biyu sun riga sun tambaye ni ko ya yi aure.

Matsala ɗaya ce. Liman ya ce ba zai yiwu mutanen sahu na biyu su riƙa yin sujada suna fuskantar ungulu ba. Abu Ziyad ya ce shi kuma ba zai cire ba, masallacin da sanyi. Yanzu mutumin da tun aurenmu yake sahun farko ya koma sahun ƙarshe, bayansa manne da bango. Ina tunanin yadda zan sasanta su.

Ki gaida Talal, ki ce ya rage gudu.
Yayarki, Nuhad

Lakemba
Farkon Muharram

Yaya Nuhad, assalamu alaikum.

Allah ya ba gwiwarki lafiya. Ni jinin ya ɗan hau, za ki ji dalili. Ki karanta wannan a zaune, ki kuma karanta ta har ƙarshe kafin ki ce komai.

Talal ya dawo. Ya je kotu ranar da aka yanke wa Mazin hukunci, ya ga uwar Mazin ta faɗi a bakin ƙofa. Ya shigo gida ya ce, “Mama, na gama da su, fita zan yi.” Na yi sujadar godiya a nan kicin. Ina ɗagowa na gan shi ya tura kai cikin firiza.

Ya ce, “Mama, ina abin da ke ƙarƙashin naman?”

Na ce, “Yana Danniyya.”

Ya ce, “Wace Danniyya?”

Na ce, “Guda nawa ka sani?”

Yaya, ashe rigar ba tasa ba ce. Ta ƙungiya ce, aro ake ba mutum. Mai son fita lafiya sai ya mayar da ita yadda aka ba shi, hannu da hannu. Wanda ya ɓatar kuwa, guduma suke sa wa hannuwansa, kuma kin san da hannun nan yake ci. Abin da ya fi wannan muni a wurinsu shi ne wanda ba ɗan ƙungiya ba ya sa ta, ko da na gwaji ne. Da na karanta masa wasiƙarki, na zo wurin gonar tuffa, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ni kuma abin da ya tsaya mini, ashe amanar mutane na ɗauka na yi sadaka da ita.

Shekaranjiya mai karɓar rigunan ya zo. Daren sunansa, Bature ne, sai da ya karkata kafin ya shige ƙofa, wuyansa duk zane. Shi ne ya tsaya wa Talal ranar da ya shiga. Shi ma Daren an kama shi, kotu ta ba da belinsa bisa sharaɗin kada ya yi magana da ɗan ƙungiya ko ɗaya, ga motar 'yan sanda ta biyo shi ta tsaya a tsallaken titi. Saboda haka shi ya zauna a falo, Talal ya zauna a ɗaki, ni ce nake kai magana ina kawowa da ɗan Turancina na kasuwa. Bari in faɗi alherin Daren: ya cire takalmi ba a ce masa ba. Na kawo masa kubba, curin naman nan da alkama. Na kuma aika wa 'yan sandan shayi, don su ma a ƙofarmu suke.

Daren ya ce, “Mama, gaya wa wanda ba na magana da shi, ba mu hana kowa fita. Riga kawai.”

Na je na faɗa. Talal ya ce in ce tana wurin ajiya. Na dawo na ce, “Tana wurin yayata a ƙasarmu, ana kula da ita sosai.” Wannan gaskiya ce, ko ba haka ba?

Ya ce, “Dabara ce mai kyau, 'yan sanda ba za su kai can ba. Ba dai wanda ya taɓa ta?”

Na ce, “Ɗana, ƙara kubba.”

Ya ƙara. Allah ya yafe mini, ban yi ƙarya ba, amma ban ji daɗin kaina ba. Ya ce zai shaida wa manyansu cewa riga tana hannu mai kyau, shi ne lamuni. Ya ba mu zuwa ƙarshen wata mai kamawa.

Don girman Allah, Yaya, ki karɓe ta daga Abu Ziyad yau ɗin nan. Ki ba shi haƙuri, zan aiko masa da wata wadda ba ta da tsuntsu. Ki goge ta, kada ki wanke, kada ki taɓa mata ko zare ɗaya. Ki ba duk wanda zai fara tasowa.

Ƙanwarki, Insaf

Danniyya
Ranar Ashura

Insaf, salamu alaikum.

Shiru ba amsa, ko kin yi fushi da na ce kina tsoron inuwarki? Muna lafiya, muna azumi. Na ba ɗan maƙwabcinmu Abu Firas wannan, jibi zai tashi zuwa wajenku.

Albishirinki, na sasanta liman da Abu Ziyad. Na je da kaina na tambayi liman, ya ce hoto dai kai ne, in babu kai ya zama kamar itace, sallah ta yi. To, me ya fi wannan sauƙi? Na zauna da reza na warware kan ungulun, har da hular kwanon. Wurin ya yi fili ba kyau, sai na cike shi da jan furen wardi, irin wanda Inna ta koya mana, mai ganye biyu. Ke kanki in kin gani sai kin yaba. Tunda allura tana hannu na buɗe gefe da gefe na ƙara ƙyalle daga tsohon labulenmu mai ruwan ƙasa, don ba ta rufe masa tumbi. Ya koma sahun farko, liman har ya shafa furen.

An yi bikin ƙanwar ɗan Abu Firas ɗin. Abu Ziyad ne ya ja layin rawar dabka, da rigar a jikinsa da carbi yana juyawa a sama, mutumin da yake ce mini ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi. Mai ɗaukar bidiyo ya bi bayansa kamar shi ne amarya. Dangin ango da ke wajenku sun ce a aika musu faifan, za su kama zaure su tara jama'a a kalla. Ki je da Talal, ya ga yadda kyautarsa ta yi farin jini.

Yayarki, Nuhad

Danniyya
Ƙarshen Muharram

Insaf.

Takardarki ta iso bayan tawa ta tafi. Na karanta a zaune kamar yadda kika ce, sannan na tashi na kasa zama.

Ke kika rubuta da hannunki in yi da ita abin da na ga alheri ne. Na duba, yana nan. Mayar da tsoho sahun farko ba alheri ba ne? Da kin ce mini guduma, da ko kallonta ban yi ba. Kan tsuntsun kuwa zare ne, ya bi shara tuni.

Ga riga nan wurin Hajiya Ummu Riyad. Abu Ziyad ya daina yi mini magana, na kuwa samu hutu. Na je da gwiwar nan har shagon mai bidiyo na karɓe faifan kafin ya buga wasu, na ce kada ya ba kowa komai sai ya ji daga gare ni. Shi ma ga shi nan, ki san yadda za ki yi da shi.

Ban yi barci ba, Insaf. Yaron nan a hannuna aka yi masa wankan farko. Ki rubuto da wuri.

Nuhad

Lakemba
Ƙarshen Safar

Yayata Nuhad, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ki kwantar da hankalinki, muna lafiya dukanmu. Na fara da wannan don kada ki tsallake layi. Ba ki yi laifi ba, ni ce ban fayyace ba. Furen kuma ya yi kyau, hannun Inna sak.

Hajiya ta kawo saƙo. Ta ce akwatinta ya yi nauyi da man zaitun, sai ta sa rigar a ƙarƙashin abaya tun daga Beirut, ta kuma ji daɗinta a sanyin jirgi. Wannan ban gaya wa Talal ba.

Da ya buɗe ledar ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Mama, labule ne wannan?” Na ce na gidan Yaya ne. Ya roƙe ni in cire furen in mayar da kan. Na ce masa abu biyu ne a ciki, ga yin surar mai rai ga yaudara. Ya miƙo mini hannuwansa. Sai na ɗauko takarda ina istigfari na gwada zanawa. Ya duba ya ce, “Wannan kaza ce.” Na sake. Ya ce, “Wannan kazar ba ta da lafiya.” Muka bari.

Na yi istihara, na wayi gari zuciyata ta tsaya a kan abu ɗaya: ni na ɗauki kayan mutane, ni zan mayar, in faɗi abin da ya faru. Talal ya ce kashe mu zan yi. Na ce ai an hana Daren magana da shi, ba a hana shi da ni ba. Muka hau bas da hantsi zuwa garejin da Daren yake gyaran mota, tunda an rufe gidan taronsu. Na bar Talal a tashar bas, ya yi fari kamar alli.

Na tarar da shi shi kaɗai. Ya goge hannu, ya jawo mini kujera. Na shimfiɗa rigar a kan teburinsa, bayanta a sama.

Yaya, ya ƙura wa furen ido.

Can ya ce, “Ina kanta?”

Na ce, “Liman ya ce a cire.”

“Wane liman?”

Na ba shi labari tun daga firiza, ban rage komai ba, har gonar tuffa da sahun ƙarshe. Hajiya kaɗai na tsallake, don ita bai tambaya ba. Ya sa yatsa ya taɓa labulen. Wuyansa ya yi ja har zanen ya ɓace a ciki.

Ya ce, “Na tsaya gaban manyanmu na ce na tabbatar tana hannu mai kyau.”

Na ce, “Ai hannu mai kyau ne. Mijin yayata alhaji ne, bai taɓa shiga da ita banɗaki ba.”

Na ga abin bai sanyaya masa rai ba, sai na tuna faifan. Na ciro shi daga jaka na ce, “Ɗana, kada ka ɗauka an wulaƙanta ta. Ga shi nan, da ita aka ja rawar biki, gari guda yana tafi. Ka kai wa 'yan'uwanka ranar taronku su gani da idonsu.”

Ya ce, “Wa ya ga wannan a garin nan?”

Na ce, “Ba kowa tukuna. Dangin ango suna ta nema, sun ce zaure za su kama su tara jama'a. Na ce a'a, masu riga su ne da hakkin fara gani.”

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, “Akwai wani bayan wannan?”

Na ce, “Mai bidiyon yana jiran ya ji daga gare mu.”

Ya zauna a kan taya. Ya ce, a hankali, “Mama, me kike so?”

Tambayar ta ba ni mamaki, don na ɗauka ya sani. Na ce, “Ɗana nake so, da hannuwansa.”

Ya tashi ya ɗauki rigar da faifan ya jefa cikin wata gangar ƙarfe a bayan garejin, ya zuba fetur ya ƙyasta ashana. Na ji zafin aikinki, wallahi. Muna tsaye har ta cinye. Ya ce, “Gaya wa wanda ba na magana da shi, riga ta dawo hannuna, na ƙona ta saboda 'yan sanda. Ya fita lafiya, ba mai taɓa shi. Babur ɗinsa ya zama namu. Mai bidiyo kuma ya yanke wurin tsohon.” Na ce babur su riƙe da albarka. Har bakin titi ya raka ni, yana kiyaye kada in taka mai.

Saboda haka ki je wurin mai bidiyo ya cire rawar Abu Ziyad kafin ya buga wa dangin ango nasu. Na yi alkawari. Ki nema mini gafarar Abu Ziyad, na san ita ce rawar rayuwarsa.

A cikin bas na maimaita wa Talal duk abin da aka faɗa. Ya fara dariya ƙasa-ƙasa, har ya kifa kai a kujerar gaba, hawaye na zuba, mutane suna juyowa.

Ya ce, “Mama, kin san abin da kika yi? Barazana kika yi masa. Ya bar ni, ko duk Sidni ta ga ungulunsu da fure tana rawa a bayan tsoho, shi kuma da ya yi lamuni ya sha gudumar.”

Na ce, “Subhanallah. Ni don ya ji sanyi na nuna masa.”

Ya ce, “Ya ji sanyi kuwa, har ƙashi.”

Hankalina ya tashi. Bawan Allah ya saki ɗana a kan tsoron abin da ban taɓa niyya ba. Na miƙe zan danna ƙararrawa in sauka, in koma in gaya masa ko ya ƙi ko ya yarda ba zan nuna wa kowa ba. Talal ya daina dariya. Ya kama wuyan hannuna da hannuwansa biyu, ya ce, “Mama.”

Na dubi hannuwan. Duk kaushin siminti, farce ɗaya ya yi baƙi, yatsu suna nan cif.

Na koma na zauna. Har yau ban je ba, Yaya, kuma ban tambayi Shehu ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.
Ƙanwarki, Insaf